Tafi Ɗaya

"Ku ja kujerun nan baya, ba biki muka zo ba," in ji Malka Zylber, malamar ajin.

Yaran suka ja suna gunaguni. Ranar Lahadi ce, ana ta ruwa a unguwar Caulfield, ɗakin taron majami'ar Yahudawa kuwa sanyi kamar firji. Dokar ajin guda ce: mutum biyu su fito su yi wasan kwaikwayo, duk wanda ya ga ana cutar da wani ya tafa sau ɗaya, wasa ya tsaya.

Wasan yau da gangan ta shirya shi. Jiya Asabar, ranar hutu ta Shabbat da ba a taɓa waya a gidansu, ta tarar da 'yarta Shira a banɗaki tana rubuta saƙo a waya. Eitan take rubuta wa, saurayinta. Ga shi can a layin baya ya miƙe ƙafa yana taunar cingam. Malka tsoro take ji, tsoro sosai. So take yarinyar nan ta ce "a'a" da bakinta, ko da a wasa ne.

"Saurayi ya matsa wa budurwa ta kunna waya ranar Shabbat. Shira, ke ce budurwar," in ji Malka.

"Ni saurayin zan yi, Mama."

"A nan Malama nake."

"To, Malama."

Aka sa Noa, wata 'yar siririya, ta zama budurwar. Kowa ya zaci Shira za ta buɗe murya ta yi ihu. Ina! Sai ta matso a hankali, ta gyara wa Noa wuyan riga, ta yi murmushi.

"Na kira ba ki ɗauka ba. Ba faɗa nake ba, zuciyata. Tambaya nake."

Yaran suka yi dariya.

"Wa ya ga wannan rigar kafin ni? Kawo makullin motar, kin gaji. Ƙanwarki ai ba ta ƙaunar ki, ni ne dai nake haƙuri da ke. In ba ni ba, wa zai kwashe ki?"

Dariya ta mutu. Wace budurwa ce a ajin nan take da mota? Malka ta gane maganar. Wannan ba Eitan ba ne. Hershel ne, mijinta, har da yadda yake karkatar da kai, har da ɗan tarin da yake yi kafin ya ce "zuciyata".

Tau! Wani ya tafa.

Eitan ne. "Haba, wannan ai mugu ne," ya ce. "Ni dai ban kai nan ba."

Shira ko kallon sa ba ta yi ba. Uwarta take kallo, idonta a bushe.

"Ke fa, Malama? Ba ki ga abin tafawa ba?"

Hannayen Malka suna rataye a gefenta. Ta buɗe baki za ta ce wa aji wani abu a kan iyaka da mutunta juna, maganar da ta haddace tun shekaru.

Sai waya ta fara kuka a jakarta. Duk ajin suka ji. Ba ta duba suna ba, ta san Hershel ne. Kafin ta sake kuka Malka ta riga ta kai ta kunne.

"Yanzu zan taso," ta ce. "Yi haƙuri."