Fuskar da ke Bayan Ganga

Ƙanena Poldi bai iya ƙirƙirar fuska ba. Ka ce ya zana doki a guje, ko mota tana faɗawa kogi, ko bene yana cin wuta, kafin shayinka ya huce ya gama. Amma ka ce ya fito da mutum daga kansa, sai ya wuni yana cizon fensir, abin da zai ba ka kuma dankali ne mai idanu. Saboda haka sata yake yi. A jirgin ƙasa, a layin sayen kifi, har a wurin jana'iza, da ya ga hanci ko haɓar da ta yi masa, sai ya kafa wa mutum ido, ya dawo ofis ya sauke ta a takarda ba ragi. A unguwarmu ta Brooklyn da wuya ka sami wanda bai taɓa mutuwa ko yin kisa a littattafansa na labarai masu hotuna ba.

Ni ce mai bin fensirinsa da tawada. Haka aikin yake a shekarun nan na bayan yaƙin duniya: wani ya rubuta labari, wani ya zana da fensir, wani ya bi da baƙi, a buga, yara su saya wurin mai jarida. Teburinmu ɗaya, a wani ɗaki mai warin sigari a Manhattan. Mai kamfanin, Mista Teitel, bai taɓa yarda a sa sunan mai zane a shafi ba, wai kada wani kamfani ya ɗauke masa ma'aikaci.

Fuskar da Poldi ya fi sata ita ce ta mijina Zelig, mai gasa burodi. Kunnuwansa a buɗe suke kamar hannun kofi, ga gashin baki da yake ji da shi fiye da yadda yake ji da ni. Duk Lahadi Poldi zai zo cin miyar kabeji, cokali a hagu fensir a dama. Zelig ya yi ɗan sanda, ya yi likita, ya yi gawa ba sau ɗaya ba. Daɗi yake ji, har yakan kai littafin gidan burodi yana nuna wa abokan aiki.

A wata bazara aka ba mu labarin wani ɗan dako da aka shaƙe a tashar jiragen ruwa aka jefa a kogi. Marubucin daga jarida ya tsinci ƙashin labarin, sauran ya cika da ƙaryarsa. Poldi yana neman fuskar makashin, sai ya je aski. Ya dawo yana rawar jiki, wai ya ga wani mutum a kujerar gefe, fatar ido a sauke kamar mai gyangyaɗi, kunnen hagu a tsage, ya ce irin wannan fuska ba kullum Allah yake yin ta ba. Ya zana shi da igiya a hannu. A kusurwar hoton, bayan wata ganga, labarin ya ce akwai wanda ya leƙo ya ga komai. Nan ya sa Zelig. Ni na bi kunnuwan nan da tawada ina dariya.

Ranar da littafin ya fito, na tsaya wurin tsohon da ke sayar da jarida a bakin tashar jirgin ƙasa ta unguwarmu, sai na tarar yana kwashe namu yana tura su ƙarƙashin tebur. Na ce lafiya? Ya waiga hagu da dama, ya buɗe shafin, ya ɗora yatsa a kan makashin.

"Gittel, wa ya aiki ƙanenki? Augie Brancato ne wannan."

Sunan kowa ya sani, fuskar ce ba kowa ba. Shi ke cewa wane zai sami dako a tashar jiragen ruwa, wane zai koma gida hannu rabbana. Ɗan dakon da ya ɓace kuwa, an ce da shi ya yi sa-in-sa na ƙarshe, kuma 'yan sanda suna ta cigiyar wani da aka ce ya gani.

Da na gaya wa Poldi, sai ya fara lallashin kansa da cewa ai babu sunansa a littafin. Na so in yarda. Muka yi kwanaki muna aiki kunnenmu yana ƙofa. Duk takun da na ji a matakala sai alƙalami ya zame min, na ɓata shafuka har Mista Teitel ya yi ta mita. Abinci ya daina wuce min. Zelig ya tambaye ni ko ciki ne da ni, na ce ya rufa min baki.

Da rana tsaka yaran Brancato suka zo, su biyu, da kwat masu tsada. Suka shiga wurin Mista Teitel suka tura ƙofa. Mutumin da ya shekara goma yana ɓoye wa duniya sunan Poldi, ko sigarinsu ba su kunna ba ya fito ya nuna shi da yatsa. Har yau in na tuna yatsan nan raina yana ɓaci.

Suka tasa Poldi gaba, na ɗauki jakata na bi su. Ɗayansu ya tambaya ko wace ce ni. Poldi bai ko dube ni ba ya ce ma'aikaciya ce, tawada take sa masa. Tun da ya fara magana Yaya yake ce min, ranar ce kaɗai bai ce ba. Suka ɗaga kafaɗa suka bar ni na shiga motarsu, don a wurinsu mace mai yatsu baƙaƙe ƙirin da tawada ba a lissafa ta.

Shagon askin nan dai suka kai mu. Mai askin ya juya allon ƙofa alamar an rufe, ya sauke labule rabi. Ta ƙasan labulen ina ganin ƙafafun mutane suna wucewa, wata mata tana tura keken jariri. Brancato yana kishingiɗe a kujera, kumfa a fuska, littattafanmu a jere a cinyarsa. Fatar idon nan a sauke, kunnen nan a tsage. Poldi bai kuskure ko ɗigo ba, kuma wannan ne ya fi ba ni tsoro.

Muryarsa a hankali take, ba faɗa. Ya ce 'yarsa ce ta kawo masa littafin daga makaranta tana murna Baba ya fito a hoto. Ya tambayi Poldi wa ya biya a yi masa haka.

Poldi ya shiga rantse-rantse, magana tana tuntuɓe a bakinsa. Ya ce ba wanda ya biya shi, bai ma san ko wane ne ba, a kujerar can ya gan shi. Labarin wani ne ya rubuta daga jarida. Sai ya ƙara da abin da ya ɗauka shi zai wanke shi.

"Ranka ya daɗe, ni ban iya ƙirƙira ba. Tambayi kowa. Duk fuskar da ka gani a littafin nan ta mutum ce mai rai, ban taɓa zana wanda ban gani ba."

Na ji kamar in toshe masa baki da jakata. Brancato ya ɗaga hannu, mai askin ya janye aska. Ya buɗe shafin, ya wuce hotonsa, ya sauke yatsa a kusurwa, bayan ganga.

"To madalla. Wannan mai leƙen fa, wane ne?"

Poldi ya ce wani ne ya gani a jirgi sau ɗaya. Brancato ya yi murmushi, kumfa ta tsage a kumatunsa. Ya shiga buɗe tsofaffin littattafan ɗaya bayan ɗaya: ga Zelig ɗan sanda, ga Zelig likita, ga Zelig kwance cikin jini. Ya ce mutumin da aka gani sau ɗaya a jirgi ba ya bin ka shekara da shekaru. Wannan na gida ne, kuma wataƙila shi ya ba da labarin. Ba abin da yake so illa ya yi masa tambaya ɗaya ko biyu.

Kowa a Brooklyn ya san inda waɗanda Brancato ya yi wa tambaya suke kwana. Zelig kuwa bai taɓa taka tashar nan ba, ko kwale-kwale ya gani kansa juyawa yake. Amma wa zai tsaya jin wannan? A lokacin yana can yana kwaɓa fulawa yana waƙa, bai san komai ba.

Poldi ya ƙi faɗin sunan. Brancato ya ce a kai shi ƙofar baya. Ƙofar ƙarfe ce mai nauyi, ta fita lungu. Ɗaya ya buɗe ta, ɗayan ya tambaye shi da wane hannu yake zane. Ina kallon ƙanena, wanda ko allura aka zo yi masa sai na riƙe shi, gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Na buɗe baki, ban ma san me zan ce ba. Ya juyo ya dube ni sau ɗaya, irin kallon da yake yi wa fuskar da zai sata, ya girgiza kai kaɗan.

"Suna, ko hannu," in ji Brancato.

"Ban san shi ba," Poldi ya ce, ya ɗora hannun dama a jikin ƙofar da kansa.

Ban ga lokacin ba, na rufe ido. Ƙarar dai na ji, ta ƙofar da ta abin da ke tsakaninta da bango. Da na buɗe ido Poldi yana durƙushe yana amai. Brancato ya koma ya kishingiɗa, ya ce wa mai askin ya ƙarasa. Ya ce mutumin da ya iya riƙe bakinsa haka a kan wani, zai iya riƙe shi a kan shi Brancato ma, hannun kuma ba zai sake zana shi ba. Aka ba ni tawul na naɗe hannun, muka fita ta lungu.

A asibiti muka ce ƙofar jirgin ƙasa ce. Haka muka gaya wa Zelig. A makon na sa shi ya aske gashin bakin, na ce yana sa ni ƙaiƙayi, na kuma tasa shi gaba da fitina har ya karɓi aikin da wansa ya daɗe yana masa tayi a can garin Scranton. Ya yi wata bai yi min magana da daɗi ba. Na shekara ina leƙa taga duk motar da ta tsaya a ƙofarmu.

Yatsu uku ba su ƙara lanƙwasa ba. Poldi ya koya wa hagunsa fensir, da kyar, yana zagi. Da ya koma aiki, zomaye ya kama zanawa, da agwagi masu hula, da wani alade mai tuƙa motar kashe gobara, har ya tsufa. Masu rubutu a kan sana'armu sun ce dokar tace littattafai ce ta kore shi daga labaran kisa, ya kuwa bar su a haka. Bai sake zana fuskar ɗan Adam ba.

Yakan hau jirgi ya zo mana Lahadi. Zelig, da ya sake tara gashin bakinsa har ya yi fari, bai taɓa fasa tsokanarsa ba. Ranar ƙarshe da suka ci miyar kabeji tare, ya juya masa gefen fuska ya ɗaga haɓa.

"Suruki, ka daina zana ni ke nan? Ko zomo ya fi ni kyau?"

Poldi ya sa hagu ya gyara cokalin a tsakanin yatsun nan da ba sa motsi.

"Fuskarka tsada gare ta, Zelig," ya ce. "Yaya, ƙaro min miya."