Waƙoƙi Takwas a Ɗakin Junaid

Haladu ya shekara goma sha tara yana kaɗa gurmi a bukukuwan Hausawan Injamena kafin wani ya yi masa zancen faifai. Junaid ne ya yi, ɗan wasu 'yan kasuwa na unguwar Paris-Congo, wanda ya dawo daga karatu da ordinata, wato kwamfuta, ya lulluɓe bangon wani ɗaki da kwalayen ƙwai da tsofaffin katifu, ya ce nan za a riƙa naɗar waƙa.

Su uku suka shiga aikin a ƙarshen 2007: Haladu, da Mairama zabiya mai sayar da kayan miya a unguwar Chagoua, da Baba Dawuda mai kalangu, wanda ya haura saba'in, ya gaji kiɗan mahauta tun daga kakansa. Wata uku suka yi suna fama. Wuta takan ɗauke ana tsakiyar baiti, in an tada janareta kuma ƙararsa ta shiga cikin waƙar. A ƙarshen Janairu suka kammala waƙoƙi takwas. Junaid ya ce su zo ran Litinin kowa ya karɓi nasa.

Ran Asabar 'yan tawaye suka shigo gari. Da harbi ya lafa, Haladu ya kwashi iyalinsa suka bi ayari suka haye gada zuwa garin Kusiri, a tsallaken iyaka. Sai bayan kwana tara ya dawo, ya tarar da ƙofar Junaid a ɓalle. An ɗauke ordinatar da duk abin da ke cikinta, har katifun bangon an yaye. Baba Dawuda kuwa a can Kusiri ya faɗi a harabar wata makaranta da suka fake, ya tashi ɓarin damansa ya shanye.

Bayan wata biyu Haladu da Mairama suka je duba shi a unguwar Lamadji, gidan 'yarsa Hanatu. Suka same shi da hantsi a jingine da bango, hannun damansa a kan cinya kamar ba nasa ba. Aka gaisa, aka kawo shayi, hira ta ƙi tafiya, har Mairama ta ɗauko zancen da kowa yake kaucewa.

"Baba, ka tuna ranar da ka cire abin sauraren nan na Junaid daga kunnenka ka ce kai ba ka taɓa yi wa bango kiɗa ba?"

Tsohon ya murmusa da rabin baki.

"Sai da na tashi na taka maka rawa a ɗakin nan mai zafi, sannan hannunka ya saki," in ji ta. "Wallahi ban taɓa jin ka kaɗa irin na ranar ba."

"Ta bakwai ce," in ji Haladu. "Taken fawa. Sau ɗaya muka yi ta, ba a maimaita ba."

Sau ɗaya kuma suka saurare ta, a tsaye, don Mairama na saurin komawa kasuwa. Abin da ke cin Haladu ke nan. Junaid ya ce a ranar zai zuba masa a kaset ya tafi da ita, Haladun ne ya ce a bari sai an gama duka.

"Yaya Mairama, Junaid ya aiko," ya ce. "Wai ya samu aron na'ura, in muna so a sake."

"Da wa?" in ji ta.

Akwai masu kalangu biyu a garin, amma na biki suka iya, ba wanda ya san tsohon taken.

Baba Dawuda ya yi wa Hanatu nuni da hannun hagu, ta ɗauko kalangun daga ɗaki. Ya tura wa Haladu, ya fara faɗin kiɗan da baki, yadda ake koya wa mai koyo. Harshen ya ƙi. Sautin yana fitowa a dunƙule, ba a bambance inda za a matse tsarkiya da inda za a saki. Haladu ya saƙale gangar a hammata ya gwada abin da ya ji. Tsohon ya girgiza kai. Ya sake, ya sake, har gumi ya jiƙa masa riga. A karo na biyar Baba Dawuda ya daina girgiza kan, ya juya fuska wajen bango, yawu na bin haɓarsa. Hanatu ta goge masa da gefen mayafi.

"Ya gaji, Kawu," ta ce wa Haladu a hankali. "Kalas, ya isa, ku bar shi haka."

Da za su tafi ta biyo su zaure da kalangun, ta ce su tafi da shi, don duk ranar da babanta ya gan shi a rataye ba ya cin abinci. Mairama ta ce ita ba ta da wurin ajiyewa. Haladu ya naɗe shi cikin buhun shinkafa ya ɗaure a bayan babur. Hanyar gida ta Paris-Congo take bi, kuma ya san Junaid na zaune a ƙofa yana jiran amsa, sai ya zaga ta bayan kasuwa.