Shinkafa Uku, Wake Biyu

Ranar da aka kwantar da Hadija mai sayar da waakye, wato dafa-dukar shinkafa da wake, a asibiti, 'yarta Farhana ta ce tukunya ba za ta kwana a kife ba. Shekarunta goma sha biyar, ta kuma san awon uwarta tun tana ƙarama: olonka goma sha biyu na shinkafa, takwas na wake. Olonka shi ne gwangwanin awo na kasuwa.

Goggo Barkisu, yayar baban Farhana, ta zo daga unguwar Kwadaso don ta riƙe gidan. Da asuba suka zazzage buhu, shinkafar ta tsaya a olonka tara.

"Uku ta ragu," in ji Goggo. "Sai a rage wake uku. Zuba biyar."

"Shida ne, Goggo."

"Me kika ce?"

"Sha biyu bisa takwas, in kin raba kowanne da huɗu, uku bisa biyu ne. Daga nan ba ya ƙara raguwa. Duk shinkafa uku, wake biyu. Tara kuwa uku ce sau uku, to wake shida."

Goggo ta tafa hannu. "Ikon Allah! Tun ba a haifi uwarki ba nake dafa waakye. Yau lissafin boko za a kawo min bakin murhu?"

"Ba na boko ba ne, awon Mma ne. In muka sa biyar, wake zai ɓace a cikin shinkafa, mutanenta za su gane."

"Na ce biyar!"

Farhana ba ta ɗaga murya ba. Ta cika gwangwani na shida, ta dubi Goggo ido cikin ido, ta juye shi a ruwan da karan dafi ya riga ya rina ja. Ba ta zubar da ko ƙwaya ɗaya ba.

Goggo ta ja mayafinta ta shige ɗaki, ta ce sai ta gaya wa baban Farhana.

Farhana ita kaɗai ta kai tukunyar bakin titin Krofrom. Bawah direba, wanda bai taɓa fashin waakyen Hadija ba, ya ci nasa a tsaye, ya nemi ƙarin shito, miyar barkonon da ake zuba wa waakye.

"Ashe an sallamo Mmanki?" ya tambaya.

"Tana asibiti, Baba. Ni na dafa."

Da yamma babanta ya sa ta durƙusa ta ba Goggo haƙuri. Ta durƙusa, ta ba da haƙurin kallon da ta yi mata. Da aka zo maganar wake kuwa, ta ce gobe ma haka za ta auna.