Gaisuwar Yatsa Ɗaya

Narelle na saman tirela tana ɗaure akwatin gawar mahaifinta da igiyar ɗaurin kaya, sai ta ji ƙarar injin da ta fi tsana a duniya. Ko kai ba ta ɗaga ba. Jar motar Rodney Pascoe ce, an wanke ta fes sai ƙyalli take, ta shigo filin cocin ta tsaya daf da motar mamacin kamar wurin gadonta ne.

Narelle ta ja igiyar har tafin hannunta ya yi zafi.

"A hankali mana, 'yar nan," in ji mahaifiyarta Glenys daga ƙasa, tana kare rana da jakarta. "Ubanki ne a ciki, ba buhun dusa ba."

"Mama, kin ga wanda ya zo?"

"Na gani, idona bai mutu ba. Gama ki sauko."

Mu a Wirrabool idan direba ya mutu, motarsa ce ke kai shi maƙabarta, sauran direbobi su biyo baya a jere. Yau kuwa layin ya wuce gidan mai, ya wuce shagon nama, har ya kusa fita gari, domin Alwyn Prentice ba ƙaramin direba ba ne. Tun Narelle ba ta iya tafiya ba yake kwasar shanu daga gonakin kiwo zuwa kasuwa. Warin baƙin mai da kashin shanu shi ne turarensa, kuma bai taɓa dawowa gida ba tare da alewar lemo a aljihu ba, har bayan da 'yarsa ta girma ta fara jan tata motar. Da ƙuruciyarsa an kai shi yaƙin Vietnam, ya dawo da kunne ɗaya a toshe da baki a rufe. Lambobin yabonsa a gwangwanin biskit suka tsufa, sai yau Glenys ta fito da su ta jera a kan akwatin, kusa da jajayen furannin da tsoffin sojoji suka ajiye masa ɗaya bayan ɗaya a cikin coci.

Doka ɗaya Alwyn ya koya wa duk wanda ya taɓa zama a gefensa, kuma ita ce dokar hanyoyinmu: ba a wuce mutum a gefen titi. A dajin da za ka yi rabin yini ba ka ga inuwa ba, ko maƙiyinka ne ka tsaya, ka miƙa masa ruwa, gobe ku ci gaba da gabarku.

Rodney ya san dokar, don a bakin Alwyn ya ji ta. Alwyn ne ya ɗauko shi yana matashi marar aikin yi, ya koya masa tuƙi, Glenys ta ciyar da shi har ya yi wuya. Da ya sayi tasa motar, sai ya zagaya ta baya ya karɓe jigilar gonar da Alwyn ya daɗe yana yi wa aiki. Daga nan magana ta mutu tsakaninsu.

Ranar da abin ya faru, taya ta fashe wa Alwyn a hanyar Kurrawin, kusa da busasshen rafi, cikin zafin Janairu, don a wajenmu lokacin ne tsakiyar bazara. Narelle na can kasuwar shanu mai nisa lokacin da ya kira ta a waya, yana haki yana dariya.

"Direba, kin san wa ya wuce ni yanzu? Yaron nan Rodney. Ya ɗago mini yatsa kamar na fito shan iska."

Gaisuwar hanya ke nan a wajenmu: ka ɗaga manuniya daga kan sitiyari ba tare da ka sake shi ba. Wanda ke tafiya lafiya ake yi wa ita, ba wanda ke durƙushe gaban taya ba.

"Baba, ka shiga inuwar mota ka jira, zan turo wani."

"Turo wa? Na canza tayoyin da suka fi wannan taurin kai."

Da aka isa wurin, an same shi zaune ya jingina da tayar, hularsa a gwiwa, sifana a hannu. Likita ya ce zuciya ce da zafi. Rodney kuwa ya bi gari yana faɗa wa duk mai saurare cewa ranar ta wata hanya ya bi. Mutum biyu kaɗai suka san ƙarya yake, Narelle da mahaifiyarta.

Tana saukowa daga tirelar ya tare ta, idonsa jawur, hula a ƙirji.

"Ƙanwata, sannu da haƙuri. Ni zan bi bayanki, ko? Ai ni ne ɗansa na fari a kan sitiyari."

Narelle ta dube shi tun daga takalmi har gashin kai. A ranta ta ga hannunta riƙe da sifanar nan.

"Bi bayana, Rodney. Ka matso sosai, ina so in riƙa ganinka a madubi."

Da suka shiga mota Glenys ta rufe ƙofa, ta gyara zama a kujerar da ta sha zama a gefen mijinta.

"Na san fuskar nan taki. A coci na riƙe miki hannu, ba don haka ba da kin yi mana abin kunya gaban fasto. Yau ranar ubanki ce, ba ta Rodney ba."

"Shi ya kashe shi, Mama."

"Zuciya ce ta kashe shi, da taurin kai. Matar Rodney tun ranar rasuwar take kawo mana abinci, yanzu haka tana can tana yanka burodi saboda baƙinmu. A garin nan za mu ci gaba da zama, ni da ke da su. Idan kika faɗa, kin san babu direban da zai sake tsaya masa har ya mutu."

"Na sani."

"To ki haɗiye."

Narelle ta tayar da mota. Ta haɗiye ɗin.

Ayarin ya motsa a hankali, fitilu a kunne, mutane a bakin shaguna sun cire huluna. Ba a jima ba oba-obar mota ta fara magana, don direbobi ba su iya makoki da baki rufe ba. Wani ya tuna yadda Alwyn ya jawo shi daga laka da damina, sannan ya yi shekara yana yi masa tsiya a mashaya. Wani ya ce shi har yau bai mayar wa Alwyn jak ɗinsa ba, yanzu kuma ya ci bulus. Aka yi dariya. Sai muryar tsoho Clem ta shigo, abokin Alwyn tun daga soja, wanda ke zaune a wata mota can baya.

"Ku yara ba ku san komai ba. A can Vietnam ma mota ya tuƙa. Ranar da aka buɗe mana wuta na faɗo daga bayan motar, ƙafata ta karye, kowa na ihu a ja a tafi. Sai na ga mota na dawowa da baya. Na ce masa, Wyn, kai mahaukaci ne? Ya ce rufe mini baki ka hau, kana ɓata mini mai."

Glenys ta sa hankici a baki. Narelle ba ta taɓa jin labarin nan ba, hawayen da ta hana kanta tun safe suka zubo.

Da Rodney ya yi shiru a nan, wataƙila da an binne Alwyn lafiya. Amma akwai mutanen da shiru ke yi musu ƙaiƙayi.

"Haka yake, Kawu Clem," in ji Rodney. "Wyn bai taɓa wuce kowa ba. Shi ya koya mini dokar nan, kuma da ita nake aiki har gobe."

Kwanar maƙabarta na hannun hagu. Narelle ta dube ta, ta wuce ta.

"Kin bar hanya," in ji Glenys.

"Baba zai ga hanyarsa sau ɗaya kafin a rufe shi."

"Narelle."

"Mama, kin ji abin da ya ce da bakinsa."

Glenys ta juya fuska waje.

Kwalta ta ƙare, jar ƙasa ta fara, ayarin na biye ba wanda ya tambaya. A madubi Narelle na ganin jar motar tana ja baya tana ƙara matsowa, kamar mai ita ya gane inda aka nufa amma layin da ke bayansa ya hana shi tsayawa. Daɗi ya kama ta, daɗi mai ɗaci, kuma ba ta ji kunyarsa ba.

Guntayen baƙar tayar na nan a gefen hanya kafin busasshen rafi. Narelle ta gangara ta tsaya, ta kashe inji. Ɗaya bayan ɗaya motocin suka tsaya, har dajin ya yi tsit. Ta ɗauki oba-oba.

"Nan ne. Nan Baba ya zauna. Na gode da kuka tsaya masa." Ta ja numfashi. "Kafin ya mutu ya kira ni. Yana dariya ya ce, Rodney ya wuce ni yanzu, ya ɗago mini yatsa kamar na fito shan iska. Maganarsa ke nan, ban ƙara ko kalma ba."

Sai muryar Clem ta shigo.

"Rodney, kana jin yarinyar nan. Ƙarya take?"

Oba-obar ta yi ƙara, sai ga muryar Rodney.

"Shanu ne cike da mota, Kawu, zafi na kashe su, biyu sun riga sun kwanta. Na gan shi a kan ƙafafunsa, na rantse. Na ce in na tsaya ma zagina zai yi, kun san Wyn."

"Da ya zage ka," in ji Clem. "Sannan ya sha ruwanka."

"Ban san zai mutu ba! Tun ranar ban yi barcin kirki ba."

"Ai Baba yana ta yi," in ji Narelle. "Rodney, yau kowa ya tsaya wa Baba, ba a bukatarka. Ka wuce. Ka iya ai."

Hanyar Kurrawin ba ta da faɗin da babbar mota za ta juya, sai a bakin rafi. Dole jar motar ta fito daga layi, ta bi ta gefen akwatin da furanninsa, ta je can gaba ta yi ta gaba da baya cikin yashi kowa na kallo. Kafin ta gama juyawa direbobin sun sauko, kowa ya tsaya jikin motarsa, hannu a aljihu. Duk layin nan sai ya bi ta gabansa kafin ya ga gari, kuma kowa a wurin ya san ko gobe motarsa ta mutu a dajin nan, sai dai ya taka da ƙafa.

Narelle ta saci kallon mahaifiyarta. Glenys na zaune ƙyam, hannuwanta a kan jaka, ba ta ce komai ba tun kwanar maƙabarta. Wannan shirun ya fi damun Narelle a kan duk faɗan duniya. Ta samu abin da take so, amma tana tsoron kada a ce ta rasa uba a makon nan, ta kuma rasa uwa a yau.

Jar motar ta dawo a hankali har ta zo saitinsu, gaba da gaba. Rodney ya taka birki, ya sauke gilashi. Fuskarsa sharkaf da hawaye da gumi. Bai dubi Narelle ba, matar da ta ciyar da shi ya duba.

"Mama Glenys. Don Allah, Mama."

Glenys ta dube shi tsawon lokaci. Sannan, ba tare da ta ɗauke hannu daga kan jakar ba, ta ɗaga masa manuniya, ta mayar.

Motar ta ja ta wuce. Ba wanda ya ɗaga masa ko gira.

"Tayar da mota, Direba," in ji Glenys. "An bar ubanki a rana sau ɗaya, ya isa."