Sau Ɗaya a Rana

Ranar da waƙar Auta ta ɓace, Umma ta ɗauka wayarta ce ta lalace. Ta kashe ta sake kunnawa, ta goge gilashin da bakin mayafinta, sannan ta miƙa wa ƙanwarta da ke guga a kusurwar shagon.

"Duba min, Ƙarama. Ga sunan waƙar nan, amma ya dusashe. Na danna, na danna, ta ƙi tashi."

"Waƙa ma ai tana gajiya, Yaya," in ji Ƙarama. "Yaushe rabon ki bar ta ta huta?"

Shagon ɗinkin nasu ɗaki ɗaya ne, da keke biyu, da teburin yanka, da bencin masu jiran kaya. A kan kanta, tsakanin gwangwanin maɓallai da zarurruka, akwai 'yar sifika. Tun da Auta ya saki waƙarsa ta farko, sifikar nan ba ta san wata murya ba sai tasa.

Auta shi ne ɗan Umma na ƙarshe. Yana aiki a shagon buga takardu, kuma da guminsa ya shiga sitidiyo, don Umma ba ta da abin taimaka masa a lokacin. Da ya sa mata manhajar sauraron waƙoƙi a waya, ya yi mata bayani a tsanake: duk wanda ya saurara, kamfanin yana ƙirgawa, idan sauraro ya yi yawa kuma sai manhajar ta riƙa nuna waƙar ga waɗanda ba su san shi ba. Umma ta riƙe wannan magana gam. Ashe akwai abin da za ta iya yi wa ɗanta.

Ta shiga biyan kuɗin wata don kada talla ta katse masa murya. Da ta buɗe shago sai ta kunna, waƙar ta ƙare ta sake tashi da kanta har a rufe. In za ta kwanta ta rage sautin, ta sa wayar a caji ta bar ta tana yi, wai kada yaron ya yi asarar dare. Ba ta tsaya nan ba. Ta sa wa Ƙarama, ta sa wa mai kantin da ke maƙwabtaka da su, ta sa wa yayanta direba, kowa ta koya masa inda ake danna maimaitawa.

Da yamma sai ga Auta. Ya gaishe su, ya zauna a benci yana juya makulli a hannu. Bai tsokani Ƙarama ba kamar yadda ya saba.

"Me ya sami waƙarka?" Umma ta tambaye shi.

"Matsala ce ta kamfani, Umma."

"Ni na haife ka. Wace matsala?"

Ya kalli ƙyallayen da ke ƙasa. "Sun cire ta. Sun ce sauraron na bogi ne. Wai ba mutane ba ne, na'urori na yi haya suna kunna ta."

"Kai da ko kuɗin mota wani lokaci sai Antinka Ƙarama ta cika maka? Wane maƙiyi ne ya kai musu wannan ƙarya?"

"Ba wanda ya kai. Sun ce sun ga wayoyi 'yan kaɗan, a unguwa ɗaya, waƙa ɗaya, dare da rana."

Umma ta ɗauke ƙafarta daga keken. Ƙarama ta ajiye dutsen guga a hankali. Ba wanda ya kalli wani.

"To tashi mu je ofishinsu," in ji Umma daga baya. "In sun gan ni sa gane."

Babu ofishin da za a je. Abin da ke akwai shi ne wani ɗan gurbi a waya inda ake rubuta koke. Ta matso da kujerarta kusa da shi, tana faɗa yana rubutawa. Ta ce ya gaishe su tukuna. Ta ce ya gaya musu ita ce uwarsa, tela ce, kuma kunnenta biyu lafiya lau. Ta ce in akwai laifi nata ne, yaron bai sa ta ba. Ya aika. Kafin ta gama zura zare a allura amsa ta dawo: sun gode, sun duba, hukuncin yana nan, kuma in aka sake za a rufe shafinsa gaba ɗaya.

"Wa ya karanta da sauri haka?"

"Ba wanda ya karanta, Umma. Na'ura ce ke amsawa."

"Ikon Allah," in ji Ƙarama. "Na'ura ce ta dubi Yayata ta ce mata na'ura."

Auta ya ɗan murmusa, amma Umma ba ta yi dariya ba.

"Kuɗina nake biya duk wata. Sun ce in saurari abin da nake so, shi kuwa nake so. To kuɗin da na biya fa, sun ba ka?"

Ya yi mata bayanin da bai taɓa yi ba. Kuɗin masu sauraro wuri ɗaya ake tara su, a raba bisa yawan sauraron kowa. Manyan mawaƙa su kwashi kaso mai tsoka, irinsu Auta su sami abin da ya rage a gindin tukunya. Yanzu ko wannan ɗin an riƙe.

"Wato ina ta ciyar da 'ya'yan wasu," in ji ta, "nawa kuma na kashe masa kasuwa."

"Kada ki ce haka, Umma."

Amma ta riga ta faɗa, kuma maganar ta zauna mata a rai. Shagon ya koma ba a jin komai sai ƙarar keke.

Bayan wasu watanni, mai kanti ya leƙo yana neman canji, ya ce, "Maman Auta, sabuwar waƙar nan ta fi ta farko daɗi." Umma ta ce haka ne. Ta ba shi canjinsa, ta jira ya fita, sannan ta dubi ƙanwarta.

"Kin sani?"

"Auta ya ce kada in faɗa miki tukuna."

Umma ta kira shi a waya, ta ce ya biyo in ya tashi daga aiki. Da ya zo ba ta yi masa faɗa ba. Ta sa ya zauna, ta ba shi ruwa.

"Tsorona kake ji?"

"Ba ke ba, Umma. In suka rufe shafin, shi ke nan, sai in koma farko. Na rasa yadda zan ce miki kada ki saurare ni."

"To ba ka ce ba, ni ma ban ji ba. Gaya min dai, sau nawa mutum yake jin waƙa a wurinsu ya zauna mutum?"

"Ba sa faɗa. Ba wanda ya sani."

"Sau ɗaya a rana fa?"

"Wannan kam ba su da ta cewa."

"To sau ɗaya."

Washegari ta bi mutanenta ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ta bi su a karon farko. Ta karɓi wayar mai kanti ta kashe maimaitawa da hannunta. Yayanta direba ya ce bai taɓa ganin uwar da ke yawon hana a ji ɗanta ba. Ta ce to yau ya gani.

Sai zaɓen lokaci ya zame mata aiki. Da safe akwai masu kawo awo, surutu ya yi yawa. Da rana injin niƙan bayan layi yana ruri. Ta ɗauki wayar ta ajiye, ta sake ɗauka ta ajiye, har Ƙarama ta ce ko ranar aurenta ba ta yi wannan jan aji ba.

Sai can bayan la'asar, da shagon ya yi tsit, ta ce wa Ƙarama ta zare gugar. Ta kawar da rigar da take ɗinkawa, ta ɗora hannuwanta a cinya, ta danna. Muryar Auta ta cika ɗakin. Ta ji inda ya ja numfashi kafin amshi, ta ji inda muryar ta ɗan yi rawa sannan ta miƙe. Da waƙar ta ƙare, ɗan yatsanta ya nufi gilashin da kansa. Ta tsayar da shi. Ta buɗe aljihun keken, ta sa wayar a ciki, ta rufe.

"Yaya kika ji ta?" Ƙarama ta tambaya.

"Baiti na biyu ne ban kama ba," in ji Umma, tana jawo rigar ƙarƙashin allura. "Sai gobe."