Layi na Uku a Allon Sojoji

"Mama, me ya sa sojan nan yake ƙara ƙiba duk shekara, alhali ba ya cin abinci?"

Begimai ta yi tambayar da ƙarfi, a gaban Toktosun shugaban ƙauye, wanda ke tsaye yana ba mai fenti umarni. Burul ta matse hannun 'yarta, amma ta san yarinyar ba ƙarya ta yi ba. Duk shekara kafin bikin tara ga Mayu, ranar tunawa da ƙarshen yaƙin Jamus, sai an shafe mutum-mutumin sojan da fenti ruwan azurfa, ba a taɓa kankare na bara ba. Hancinsa ya haɗe da kumatu, bindigarsa ta koma kamar muciya.

Ita damuwar Burul allon dutsen da ke ƙasansa ne, mai sunayen mutum arba'in da ɗaya da suka tafi yaƙin Jamus ba su dawo ba. Shi ma haɗawa ake yi a shafe don ya yi ƙyalli a hoto, har harufan sun cike. Kakan mijinta na layi na uku, kuma ba shi da wani kabari sai wannan layin. Gobe kowane ɗan makaranta zai ɗora yatsa a sunan nasu ya karanta. Mijinta na aikin gini a Rasha, ita kuwa suruka ce, bakinta bai isa ya ambaci sunan manyan gidan miji ba.

"Baba, a daure a bar allon nan bana," ta ce wa Toktosun.

"Amarya, manya za su zo daga gunduma. So kike su ga jarumanmu da datti? Wane ne ma naku?"

Ta sunkuyar da kai. "Mai gidan bakin rafi."

Mai fenti ya ƙyalƙyale da dariya. "Dutse ya yi shiru, suruka ta yi shiru. To wa zai kai ƙara?"

Burul ta juya. Gida ta nufa, ta dawo da wuƙar ferar dankali, ta durƙusa ta hau kankara. Azurfa ta fita, sai koren fentin shekarar da ruwan azurfa ya yanke, sai wani fari da ba mai tuna shi.

"Ke! Kayan gwamnati ne fa!" in ji Toktosun.

"Baba, ɗan gusa, kana tare mana haske. Begimai, zo ki karanta."

Yarinyar ta bi harufan da yatsa. "O-ro-zo-bek. Haka ne, Mama?"

Burul ta gyaɗa kai, ta juya ta jingina bayanta da layin, ta zauna daram. Mai fenti ya shafe sauran arba'in ɗin, ya yi ta kewaye ta da buroshi har bokiti ya ƙare.

Washegari manya suka ajiye furanni, suka rantse ba za a taɓa mantawa da sunayen nan ba, ba wanda ya sunkuya ya duba. Yara suka yi ta laluben azurfa sumul, malama na raɗa musu abin da za su ce. Begimai kaɗai ta karanta nata daga dutse.

Kai mai karatu, in akwai naka a irin allon nan, ranar da ka ji za a karrama shi, ka riga mai fenti zuwa.