Tankin Ruwan Kwamfutar Abdulfattah

Tun da bazara ta kama, kwamfutar Abdulfattah ta daina jure aiki. Haɗa bidiyo ne sana'arsa, a wani ɗaki da ya ware cikin zauren gidansa a Haɗejiya. Da ya ɗora mata aiki sai fankarta ta hau kuka kamar injin markaɗe, can sai ta ɗauke ɗif. Bidiyon kamun kifin da ya ɗauko a Guri ya maƙale a cikinta.

Sai ya ƙudura zai sanyaya ta da ruwa, yadda ake yi wa injin mota. Ya sayo ƙaramin famfo da lagireto da tiyo daga Kano. Komai ya iso lafiya ban da tankin ruwan, wanda ya tsage a motar haya. Bai iya jiran wani ba. Ya je wurin masu allon talla ya samo falankin roba mai haske kamar gilashi, ya yayyanka, ya huda ƙofa biyu, ta shigar ruwa da ta fita, ya haɗe gefunan da gam.

An rubuta a jikin gam ɗin cewa sai ya kwana ya wuni kafin ruwa ya taɓa shi. Nan ne fa Abdulfattah ya rasa sukuni. Ya zauna, ya tashi, ya leƙa titi, ya dawo ya danna gam da farce. Kafin la'asar ya tuttula ruwan batir a ciki. Ɗigo ya tsattsafo ta kusurwa, wani ya biyo, nan da nan tebur ya jiƙe.

Matarsa Zulfa ta shigo da kwanon fura ta tarar yana kankare gam da reza yana tsaki.

"Baban Huseina, gam ne bai da kyau, ko kai ne ba ka bar shi ya sha iska ba?"

"Ai ya yi kamar ya bushe."

"Kamar," in ji ta.

Ya wanke robar, ya goge, ya sake haɗawa, wannan karon a hankali, yana bin kowace kusurwa da yatsa. Yana ajiyewa Zulfa ta ɗauke tankin a kan faranti, ta shige da shi ɗakinta, ta kulle a kabad.

"Sai jibi. Ka je Guri ka ɗauko hirar Kawu Bunu da kake ta cewa ta rage."

Ya yi faɗa, ya yi magiya, ba ta ko juyo ba. Washegari ya hau babur.

A Guri ma jikinsa ne kawai ya je. Kawu Bunu, tsohon masunci kuma ƙanin mahaifiyarsa, ya sa shi a kwalekwale yana nuna masa yadda ciyawar kacalla ta cinye hanyar ruwa, inda a da suke jefa taru. Abdulfattah na riƙe da kyamara, ɗaya hannun na laluben waya.

"Zulfa, kabad ɗin nan ba ya zafi kuwa?"

Ta kashe wayar.

"Ɗana," in ji Kawu, "in ruwan gida ne ya dame ka, mu juya."

Kunya ta kama shi. Ya tura wayar aljihu, ya ɗauki hirar har ƙarshe.

Da ya dawo, Zulfa ta fito da tankin. Ya shimfiɗa jarida a ƙasa, ya cika shi, ya kunna famfon shi kaɗai, nesa da kwamfuta. Gefuna sun riƙe. Amma a bakin tiyo sai ga danshi. Ya kwance, ya naɗa farin zaren masu gyaran famfo, ya ɗaure. Jaridar ta wuni a bushe.

Ranar da ya haɗa komai, rana na tsakiyar kai, ya ɗora bidiyon Guri. Ruwa na zagayawa cikin tiyo shiru, kwamfutar ta yi ta aiki ba ta ɗauke ba. Shi dai bai zauna ba. Yana tsaye da tocila yana haska ƙarƙashin tankin har aikin ya kammala, sannan ya kira Kawu Bunu ya ce ya tara masunta ranar Juma'a, zai kawo musu su gani.